FILIN MANOMA: Kuɗin Gyaran Fadamun Bakin Teku Da Sharuɗɗan Da Ke Ɗaure Da Su

Jama'a, wannan mako za mu kai ku wata ƙasa mai nisa, inda teku ke cin gonaki da makiyaya ana ji ana gani, inda kuma Gwamnati ta tara kuɗi masu yawan gaske domin a maido da abin da ruwa ya ci. Wurin nan shi ne Jihar Luwiziyana, a kudancin Amurka, inda babban kogin nan Misisipi ke faɗawa cikin teku. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, kowane dala na kuɗin nan yana tafe da takarda, kowace takarda kuwa tana da kalmomin shari'a waɗanda su ne ke yanke ko ƙasar ta wane ne, wa zai biya, har shekara nawa, in kuma an yi hasara wa zai ɗauka. Manomi da ɗan kasuwa da akawu duk suna sa hannu a takardu, saboda haka ya kyautu kowa ya san irin nauyin da kalma guda kan ɗauka.

YADDA TEKU KE CIN ƘASAR

Kudancin Luwiziyana duk fadama ne, kogi ne ya gina shi da lakar da yake kawowa kowace shekara in ya yi ambaliya, kamar dai yadda ambaliya ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru. Mutanen wurin suna noma shinkafa da rake, suna kiwon shanu, suna kama jatan lande, suna kuma kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo kamar ƙumba wadda ake ci. Bayan babbar ambaliyar 1927, Gwamnati ta sa Rundunar Injiniyoyin Soja ta ɗaga jinga a gaɓoɓin kogin don tsare garuruwa. Garuruwa suka tsira, amma lakar da ke ciyar da fadama ta koma tana wucewa kai tsaye cikin zurfin teku. Ga shi kuwa ƙasar wurin kullum lotsawa take yi, ruwan teku yana ƙara hawa, kamfanonin man fetur kuma sun haƙa magudanai na dubban mil waɗanda ruwan gishiri ke bi ya shigo ya kashe ciyawa. Ciyawa na mutuwa, sai ƙasa ta wanke.

Ma'aikatan safiyo na Gwamnatin Amurka sun auna, suka ga daga 1932 zuwa 2016 jihar ta yi hasarar ƙasa wajen murabba'in mil 2,000, watau fiye da faɗin Jihar Legas duka. Guguwar teku biyu da aka yi a 2005, Katrina da Rita, su kaɗai sun mai da murabba'in mil 217 ruwa. Bayansu ne jihar ta kafa hukumar tsare bakin teku, wadda ta fito da babban tsarin aiki na shekara 50 wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 50. Biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan. To, bari mu bi kalmomin da ke cikin takardun ɗaya bayan ɗaya.

MENE NE FADAMA A IDON SHARI'A?

Manomi yana ganin fadama ya gane ta, amma alƙali sai da shaida. A Amurka ana duba abu uku kafin a ce wuri fadama ne: ruwa yana kwanciya ko yana jiƙa ƙasar wani lokaci mai tsawo, ƙasar tana da kamannin wadda ta daɗe cikin ruwa, tsire-tsiren wurin kuma irin masu son ruwa ne. Dokar Tsabtar Ruwa ta 1972, sashe na 404, ta ce ba mai cike fadamar da ke ƙarƙashinta da ƙasa ko yashi sai da takardar izni daga Injiniyoyin Soja. An ɗauke wa manoma neman izni a kan aikin gona na yau da kullum, kamar huɗa da shuka da girbi a gonar da dama ana nomanta, amma wanda zai mai da sabuwar fadama gona bai shiga wannan rangwame ba. Dokar aikin gona ta 1985 ma ta ƙara ɗaure zancen, ta ce manomin da ya tsane fadama ya shuka a cikinta zai iya rasa taimakon da Ma'aikatar Aikin Gona ke bayarwa.

Ma'anar nan ba a tsaye take wuri ɗaya ba. A watan Mayu na 2023 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da ake kira ta Sackett, ta rage faɗinta, ta ce dokar Tarayya ba ta hau kan fadama ba sai in ruwanta a haɗe yake a sarari da kogi ko tafki ko teku, ba tare da yankewa ba. Da hukunci guda, fadamu masu yawa suka fita daga hannun Gwamnatin Tarayya suka koma ga abin da kowace jiha ta ga dama.

MAIDOWA, ƘIRƘIRA, INGANTAWA DA TSAREWA

A bakin mutane duk gyaran fadama ne, amma ƙa'idar da aka fitar a 2008 ta raba shi huɗu. Maidowa ita ce a komar da wurin da dā fadama ne zuwa yadda yake. Ƙirƙira ita ce a yi fadama a inda ba a taɓa yin ta ba. Ingantawa ita ce a ƙara wa fadamar da ke nan wani amfani, kamar a gyara shigar ruwa domin tsuntsaye. Tsarewa kuwa ita ce a hana taɓa wadda ke da lafiya. Akawun da ke rubuta takardar neman kuɗi dole ya san bambancin, gama maidowa da ƙirƙira suna iya ƙara yawan eka, ingantawa da tsarewa kuwa ba sa ƙara ko taƙi ɗaya.

Dalilin da ya sa ake ƙidayar eka shi ne manufar da Shugaba George Bush babba ya ɗauka a 1989, cewa jimlar fadamun ƙasar kada ta ragu. Wanda ya nemi izni zai cike fadama, da fari sai ya nuna ba yadda zai kauce mata, sa'an nan ya rage ɓarnar iyakar ƙoƙarinsa, abin da ya saura kuma ya rama. Daga ramuwar nan ne wata sana'a ta fito wadda 'yan kasuwa za su so ji. Mai ƙasa yakan gyara fadama babba da kuɗinsa, hukuma ta zo ta duba ta ƙididdige masa maki, shi kuma ya riƙa sayar da makin ga masu gina hanya ko masu shimfiɗa bututun mai waɗanda ramuwa ta hau kansu. Ana kiran wannan bankin ramuwa. Akwai riba a ciki, amma ba a sakin makin duka rana ɗaya, sai kashi kashi gwargwadon yadda itatuwa da ciyawa suka kama, ƙasar kuma an ɗaure ta ke nan, ba a sake nomanta.

SAYAR DA IKON NOMA

Mu a nan mun san aro da haya da jingina da sayarwa. Amurkawa suna da wata hanya ta biyar wadda ta fi shafar manomi. Mutum yana riƙe da gonarsa da sunansa, amma ya sayar wa Gwamnati ikon nomanta da ikon yin gini a kanta, ita kuwa ta maido da wurin fadama. An fara shirin da dokar aikin gona ta 1990, aka sake masa tsari a 2014, Luwiziyana kuma tana cikin jihohin da suka fi shiga.

Iri biyu ne manya. In na har abada ne, Gwamnati tana biyan cikakken kuɗin da aka kimanta ikon, ta kuma ɗauki kashi 75 zuwa 100 cikin ɗari na kuɗin gyara. In na shekara 30 ne, tana biyan kashi 50 zuwa 75 na kuɗin ikon, haka kuma na gyaran. Mai gona yana nan da ikon hana kowa shiga, yana farauta da kamun kifi, yana iya sayarwa ko ya bar wa magada. Amma kiwo, da yankan ciyawa, da saran itace, sai ya nemi izni a rubuce, harajin ƙasar kuma yana nan a wuyansa. Babban abin lura shi ne sharaɗin yana bin ƙasar ne duk hannun da ta shiga. Uba ya karɓi kuɗi sau ɗaya ya kashe, ɗa da jika su gāji ƙasar da ba su da ikon sa mata garma. Ga wanda gonarsa ruwa ke cinye amfaninta shekara biyu cikin uku, cinikin yana da kyau. Ga mai 'ya'ya da yawa masu jiran gona, abin a zauna a yi shawara ne da dukan gida.

KUƊIN HAƊIN GWIWA

Gwamnatin Tarayya ba ta cika biyan aiki ita kaɗai ba. Dokar gyaran fadamun bakin teku ta 1990, wadda ake kira da sunan Sanata John Breaux, tana samun kuɗinta daga harajin kayan kamun kifi da na man ƙananan injuna da jiragen ruwa. Da fari Tarayya tana ba da kashi 75 jiha ta kawo 25, daga baya da jihar ta fito da tsarin kiyaye fadamunta aka amince da shi a 1997, sai rabon ya koma 85 da 15. Cikin rabon jiha, lalle ne aƙalla kashi 5 na kuɗin aikin ya zama tsabar kuɗi, sauran kuwa ana iya biya da ƙasa, ko ikon wucewa, ko aikin hannu. Waɗanda suka shiga shirin Fadama na Bankin Duniya a ƙasar nan sun san irin wannan, inda ƙungiyar manoma sai ta kawo nata kason kafin a saki na sama. Ayyukan dokar nan an tsara su ne a kan shekara 20, ana ware kuɗin kula da su na wannan tsawon. Mai ƙasar da aka yi aiki a wurinsa ya kamata ya tambaya tun da wuri, bayan shekara ashirin wa zai riƙa gyaran jinga da ƙofofin ruwa?

TARA DABAM, DIYYA DABAM

Mafi yawan kuɗin da ake aiki da su a shekarun nan daga masifa suka fito. Ran 20 ga Afrilu 2010 rijiyar mai ta kamfanin BP ta fashe a cikin teku, a dandamalin da ake kira Deepwater Horizon, mutum 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Alƙali Carl Barbier ya yanke cewa ganga miliyan 3.19 ce ta zuba cikin ruwa. A watan Afrilu na 2016 ya tabbatar da sulhu na dala biliyan 20.8, wanda manyan kasonsa ake biya kashi kashi cikin shekara 15 tun daga 2017.

Kuɗin ba tukunya ɗaya suka shiga ba. Akwai tara, watau horon karya doka, dala biliyan 5.5. Bisa al'ada tara asusun Gwamnatin Tarayya take shiga, amma dokar RESTORE da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2012 ta ce kashi 80 cikin ɗari a zuba shi a wani asusun amana domin jihohi biyar na bakin tekun, watau Luwiziyana, Teksas, Misisipi, Alabama da Fulorida. Cikin asusun, kashi 35 ana raba wa jihohin daidai wa daida, kashi 30 yana hannun majalisar haɗin gwiwa ta jihohi da Tarayya, wani kashi 30 ana rabawa gwargwadon yadda man ya taɓa kowace jiha, sauran 5 na bincike ne.

Akwai kuma diyyar ɓarnar dukiyar ƙasa, dala biliyan 8.1, da ƙarin abin da zai iya kai miliyan 700 domin ɓarnar da ba a gano ba tukuna. Kason Luwiziyana a nan biliyan 5 ne. Diyyar nan ba ta masunci ko manomi ba ce, ta ciyawa da kifi da tsuntsu ce, dokar 1990 ta malalar mai kuma ta sa ta a hannun masu riƙon amana, watau ma'aikatun Tarayya da na jiha, ba su da ikon kashe ta sai wajen maido da abin da man ya ɓata. Gwamna ba shi da ikon ya ɗiba ya biya albashi. Wanda sana'arsa ta tsaya saboda man, tasa ƙarar dabam ce, asusunta ma dabam.

Amincewa da kuɗi kuma ba gama aiki ba ne. An ware dala biliyan 2.26 na diyyar nan domin a huda jingar kogi a wani wuri kudu da birnin Niyu Oliyans, a saki ruwa mai laka cikin fadamar Barataria, da niyyar gina ƙasa wajen murabba'in mil 21 cikin shekara 50. An fara aiki a watan Agusta na 2023. Masunta suka yi ta ƙorafi cewa ruwan daɗi zai kashe musu kawa da jatan lande, kuɗin aikin ya yi ta hawa, sabon Gwamna Jeff Landry kuma bai goyi bayansa ba. A watan Yuli na 2025 aka soke aikin, bayan an riga an kashe ɗaruruwan miliyoyi, abin da ya rage ya koma hannun masu riƙon amana.

JURE WA MASIFA

Wata kalma da ta cika takardun zamanin nan ita ce juriya, watau jama'a su iya ɗaukar bugun guguwa da ambaliya su sake miƙewa da wuri. Ƙarƙashinta ana gina jinga, ana ɗaga gidaje bisa ginshiƙai, wani lokaci kuma ana tashin gari ɗungum. Tsibirin Isle de Jean Charles, inda 'yan asalin ƙasar ke zaune, ya rasa kashi 98 cikin ɗari na ƙasarsa tun daga 1955. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba jihar dala miliyan 48 don a sake musu matsuguni wajen mil 40 zuwa arewa, a wata tsohuwar gonar rake, mutane suka fara tarewa a 2022. An ba su gidaje, an kuma bar musu filayensu na tsibiri, amma bisa sharaɗin ba za su koma zama can dindindin ba, ba kuma za su yi wa tsofaffin gidajen babban gyara ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski.

IN RUWA YA CI, TA WA KE NAN?

Mafi yawan fadamun bakin tekun Luwiziyana na mutane ne da kamfanoni. Amma dokar jihar ta ce ƙarƙashin duk ruwan da jirgi ke iya bi, da gaɓar teku, na jiha ne. Saboda haka in teku ta ci filin mutum, jiha tana iya cewa wurin ya zama nata, har da man da ke ƙarƙashinsa. Tsarin mulkin jihar ya yarda mai fili ya maido da abin da zaizaya ta ci masa, amma in da kuɗin jama'a aka cike wurin, sai gardama ta tashi a kan mai sabuwar ƙasar. Don haka ba a fara aiki sai an ƙulla yarjejeniya da masu filaye a kan iyaka da haƙƙin ma'adinai.

Misalin da ya fi kowanne nuna ƙarfin kalma shi ne na masu kiwon kawa. Su hayar ƙarƙashin ruwa suke yi daga jiha. A 1991 aka buɗe wata ƙofar ruwa a Caernarvon don a shigo da ruwan kogi cikin fadama, gishirin ruwan ya ragu, kawa ta mutu a wurare da yawa. Suka kai ƙara, a shekara ta 2000 kotu ta ba su gaskiya, diyyar da aka lissafa ta haura dala biliyan ɗaya. Amma tun daga 1989 jihar ta riƙa sa wani ɗan sharaɗi cikin takardun hayar, wanda ya ce mai haya ya yafe wa jiha duk hasarar da aikin gyaran bakin teku zai jawo masa. A 2004 Kotun Ƙolin jihar ta dubi sharaɗin nan ta rushe hukuncin. 'Yan kaɗan da takardunsu ba su da shi kuwa, aka ce sun makara, lokacin kai ƙara ya wuce. Duk suka tashi hannu wofi.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Dokokin Amurka ba su ne namu ba. A Nijeriya dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamnan kowace jiha bisa amana, abin da manomi ke da shi ikon zama da amfani ne. Amma duk inda aka zo da kuɗin gyaran fadama, ko na madatsar ruwa, ko na dashen itace, tambayoyin iri ɗaya ne. Bayan an gama aiki, ƙasar da sunan wa za ta kasance? Wane amfani aka hana ni, shekara nawa, ya kuma hau kan magadana? Nawa ne kasona, da kuɗi zan biya ko da aiki? Wa zai kula da aikin in masu kuɗi sun tafi? In aikin ya ɓata mini amfanin gona, ina da ikon neman diyya ko na yafe, cikin wata nawa kuma zan kai kuka?

Wanda bai iya karatu ba ya nemi malamin gona ko wani amintacce ya karanta masa takardar tun daga farko har ƙarshe, a gaban shaidu, ya kuma karɓi kofinsa ya adana. Ku kuma akawuna, amana ce a wuyanku ku fassara wa mutane abin da ke rubuce yadda yake, har da ƙananan layukan da ke can ƙasa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gonakinmu daga ambaliya da fari, amin.